Mutumin da Ya Rage Tsawonsa a Ɗawafi

Shekarar da kyaftin ɗinmu ya ce zai ajiye ƙwallo, tun bai rufe baki ba na naɗa kaina a zuci. To wa za a ba in ba ni ba? Ni ne mai ci. Ni ne idan na karɓi tamaula a tsakiyar fili 'yan kallo suke miƙewa daga kan duwatsun da suke zaune. A Makka aka haife ni, a Misfala, a ɗakin da ke bayan shagon ɗinkin mahaifina, Bakanon da ya zo hajji a ƙafa yana saurayi bai sake komawa ba. Ga takardar zama ɗan ƙasa a aljihu, ga Larabci a baki, in alƙalin wasa ya cuce mu ni nake wanke shi tas da yarensa. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, kai ya sha mai, zuciya kuwa a kusa take, ko ƙuda ya sauka mini ba daidai ba sai ya ji magana.

Farkon shekarun sittin ne, ana tsakiyar aikin faɗaɗa Harami, duk inda ka juya siminti ne da ƙarar inji. Ƙungiyarmu ta Hausawan unguwa ce, mu ashirin: teloli, 'yan dako, masu ɗiban ruwa da garwa, direba ɗaya, mai gyaran risho ɗaya. Wasu haifaffun nan ne kamar ni. Wasu kuma sun zo sauke farali ne suka maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komai, in sun hango askar, wato 'yan sanda, sai su canza lungu. Filinmu yana can hanyar Ka'akiyya, tsakuwa zalla, in ka faɗi sai ka bar fatar gwiwarka a wurin. Bayan la'asar muke bugawa, ba takalmi, har sai an kira magariba.

Ba mu da akwatin zaɓe, ba ma ɗaga hannu. Abin da muka tarar ana yi, kuma ban san wanda ya ƙirƙiro shi ba, shi ne sahu. Masu neman kyaftin za su tsaya a fili, taku goma tsakaninsu, su fuskanci dutse, su ba jama'a baya. Kowane ɗan wasa sai ya taka ya je ya tsaya bayan wanda yake so, kamar za a ta da salla. Ba a magana, kuma ɗan takara ba ya waiwaye har sai tsohon kyaftin ya busa usur. In ka juya ka ga sahunka ya fi tsawo, shi ke nan, ba ka da ikon cewa ba ka so. In kuwa ka juya ka ga mutum uku, sai ka haɗiye, domin ka ga fuskar kowa kuma kowa ya ga taka.

Wannan karon abin ya fi na kullum nauyi, saboda an ce za a haɗa gasa tsakanin unguwanni, kuma kyaftin ne zai je ofis da kansa ya rubuta ƙungiya, ya nuna takardarsa, ya sa hannu. Na riga na ga kaina a ofishin nan da farar riga.

Sai ga golanmu, wani Basakkwace mai bakin tsiya, ya same ni ranar Litinin muna shan shayi a gefen fili bayan atisaye. Ya ce, "Bakano, kar ka ɗinka rigar sarauta tukuna. Mutane fa maganar dogon nan suke."

Dogon nan wani Badamagare ne da ke buga mana tsakiya. In ce maka dogo, to dogo, sai ya sunkuya yake shiga shagonmu. Shekara shida da zuwansa, yana da mata da 'yar jinjira a wani ɗakin langa-langa a saman dutse, ba shi da iƙama. Ba ya ci, ba ya yanka, ba ya surutu. Ni a lokacin abin da na sani game da wasansa shi ne, yana nan. Akwai wasa tsakaninmu irin na Kanawa da Damagarawa, yana ce mini ɗan birni mai ƙafar auduga, ina ce masa turken rumfa, a yi dariya a watse.

Ranar nan ban yi wasa ba. Jin maganar gola sai na ajiye finjalin shayi da ƙarfi har ya fantsama, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Wai shi ne kyaftin? Tayyib! Da wace takarda zai je ofis? Ko so kuke ya shiga ta ƙofar gaba, askar su fito da shi ta baya sai jirgin Jidda?"

Wallahi har yau in na tuna sai na ji kunyar ta dawo sabuwa. A cikinmu wannan magana ba a yin ta, ko da faɗa, ko da wasa. Kusan rabin waɗanda ke zaune a wurin da wannan tsoro suke kwana, da shi suke tashi. Shi kuwa Badamagaren ya shanye ragowar shayinsa a hankali, ya ɗauraye finjalin, ya kife shi a faranti, ya ce, "Sai gobenku," ya kama hanya. Tsohon kyaftin ya bi ni da kallo, irin kallon da ake yi wa ɗinkin da ya karkace.

An sa zaɓe ranar Juma'a. Ranar Laraba da sassafe ina buɗe shago sai ga kyaftin a bakin ƙofa. Mutum ne ɗan shekara kusan arba'in, gwiwa ce ta hana shi gudu, amma in lokacin alhazai ya zo sana'arsa ɗaukar shibriyya. Shibriyya wani gadon katako ne mai ƙaramin shinge, a kansa ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya waɗanda ba za su iya ɗawafi da ƙafarsu ba, maza huɗu su ɗauka a ka su zagaya Ka'aba da su sau bakwai. Mutanenmu ne suka fi yin aikin. Watan Zulƙida ne, alhazai sun fara cika gari.

Ya ce, "Yi alwala ka biyo ni. Mutum ɗaya muke nema."

Na ce, "Yaya, ni tela ne. Ban taɓa ɗaukar ko garwa a ka ba."

"Na sani. Yalla."

Da wani ne da na gaya masa inda zai je da katakonsa. Amma usur na hannunsa, zaɓe kuma jibi, sai na ja ƙofa na bi shi ina ƙunƙuni.

A bakin ƙofar Harami na tarar da gola yana washe baki, ga kuma Badamagaren zaune a gefen shibriyya yana naɗa gammo. Na yi sallama a daƙile, ya amsa cikakkiya kamar babu abin da ya faru. Ko ni da ban san aikin ba na ga an yi haɗin gambiza, domin masu shibriyya sa'annin tsawo suke haɗawa, dogaye da dogaye, gajeru da gajeru. Kyaftin da gola tsawonsu ɗaya. Ni na ɗan gaza su kaɗan. Shi kuwa dogon ya ɗara mu duka da abin da ya fi taƙi.

Kyaftin ya ce ni gaba ta hagu, wato ɓangaren Ka'aba, shi gaba ta dama, gola a bayansa, Badamagaren a bayana. Jin an sa ni gaba sai na ɗan ji sanyi, na ce ashe dai an san mai jan ragama. Ina ƙoƙarin naɗa rawanina ya zama gammo sai Badamagaren ya miƙo mini nasa, mai kauri, wanda ya sha aiki har ya yi kwanciyar kai.

"Ɗora wannan a kan naka, ɗan birni."

Na ce, "Kaina na auduga ne aka ce maka? Riƙe abinka."

Kyaftin ya ce, "Karɓi, ya shaikh, kar ka ɓata mana lokaci." Na fizga. Ban ko tambayi shi da me zai ɗauka ba. Na dai ga ya daidaita 'yar hular taɓa-ni-ka-ji-hadisi da ke kansa, shi ke nan.

Alhajin namu wani tsoho ne ɗan Jawa, ya tsufa tukuf, harami ya yi masa yawa kamar an naɗe kara. Ɗansa, shi ma dattijo, ya yi mana bayani da guntun Larabci da hannu cewa bayan tsohon ne ba lafiya, ko kaɗan aka karkata shi sai ya ji kamar ana tsaga shi. Ya roƙe mu, ya sake roƙon mu. Muka kwantar da shi a jingine da matashi. Kyaftin ya ce bismillah, muka ɗaga.

Wayyo Allah! Tsohon ba nauyi, amma katakon! Na ji kamar an kafa mini ƙusa daga tsakar ka har ƙugu. Idona ya kawo ruwa, wuyana ya fara rawa, na ce a raina yau zan yi abin kunya a gaban ɗakin Allah, zan kā da bawan Allah a kan marmara. Ina cikin haka sai na ji nauyin ya ɗan ja da baya, kamar wani ya zare mini dutse ɗaya daga cikin kaya. Na samu na miƙe wuya. Na ce a raina, ka gani, sabo ne kawai, da ma ni ba rago ba ne.

Muka shiga da hantsi, rana ta ɗaga amma marmara bai fara ƙuna ba. A nan ne abu na farko ya same ni, wanda ban yi tsammani ba. Ni fa a gindin ɗakin nan na girma. Nakan ratsa Harami in je kasuwa sayen zare, in ɗaga kai in yi addu'a a gurguje in wuce, tunanina yana kan ƙwallo. Amma da muka fito daga ƙarƙashin rumfuna Ka'aba ta bayyana, sai na ji katakon da ke kaina ya girgiza. Tsohon ne ya fashe da kuka. Ba irin kukan da ake ji da kunne kawai ba, ta cikin katako yake saukowa, ya ratsa gammo ya shiga ƙoƙon kaina, ya gangara ƙashin bayana. Yana faɗin wasu kalmomi da yarensa, yana maimaitawa, ban san ma'anarsu ba kuma ban buƙaci a fassara mini ba. Mutumin nan wataƙila tun kafin a haifi ubana yake jiran wannan safiya. Ba zan iya juya kai ba saboda kaya, sai da gefen ido na kalli ɗakin, baƙi wuluk, tsaye, mutane suna gudana kewaye da shi, tattabaru na shawagi sama, sai tsigar jikina ta tashi gaba ɗaya. Na ji tsoro, na ji ƙanƙanta, na ji kamar yau ne na fara zuwa Makka.

Muka daidaita da kusurwar Hajarul Aswad, tsohon ya ɗaga hannu ya yi kabbara da muryar da ta fi jikinsa ƙarfi, muka fara. Masu shibriyya ta gefen waje suke bi, da 'yar sassarfa, suna kiran "Khashab! Khashab!", wato katako, don mutane su kauce. Kyaftin ke kira, gola na amsawa. Ɗan tsohon yana biye da mu a guje da ɗan littafin addu'a, yana karantawa uban yana maimaitawa daga sama.

Zagaye na farko ban san yadda ya wuce ba. A na biyu na fara jin daɗin kaina, domin duk inda na dosa hanya buɗewa take. Ga ayarin Turkawa sun riƙe hannun juna sun tare gaba, sai in ga na bi ta wata 'yar kafa da ban ma lura da ita ba. Ga wata tsohuwa ta tsaya cak tana addu'a, sai in ga na kauce mata da taku ɗaya. Na ce lalle ido na ɗan gaba daban ne. Sai a zagaye na uku na gane. Na yi niyyar bi ta dama, domin nan na ga sarari, amma katakon ya ƙi. A hankali, ba fizga ba ture, ya karkato da kaina hagu kamar yadda uwa ke juya kan yaro in za ta yi masa aski. Ban gama taka ƙafa ba sai ga wasu maza majiya ƙarfi sun ɓullo sun cike sararin da na so shiga. Da na bi ta can da mun yi karo, da tsohon ya sha wuya.

Ashe tun farko ba ni nake tuƙi ba. Daga bayana ake tuƙa ni. Mutumin da ya fi kowa tsawo yana hango kan jama'a tun daga nesa, yana ganin inda za a buɗe da inda za a rufe kafin abin ya faru, sai ya gaya mini da katako, ba tare da ya buɗe baki ba. Ni kuwa ina gaba ina hura hanci.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce bari in gwada shi, na ƙara sauri da gangan. Katakon ya biyo ni lafiya lau, bai girgiza ba. Na rage, ya rage. Duk abin da na yi, tsohon da ke sama bai ce wash ba ko sau ɗaya, addu'arsa kawai yake.

A zagaye na biyar, mun zo daidai inda rana take bayanmu, mutane suka ɗan yi sarari, inuwarmu ta faɗi a gabana a kan farin marmara. Na kalle ta saboda ba ni da wurin kallo sai ƙasa. Ga inuwar shibriyya a miƙe sambal kamar an gwada da ma'aunin magina. Ga kawuna huɗu a ƙarƙashinta, daidai wa daida. Na ce to ta yaya, alhali ɗayanmu ya ɗara mu da taƙi? Sai na dubi ƙafafun inuwar. Uku a miƙe suke suna sassarfa. Ta huɗun, wadda ke bayana, gwiwoyinta a lanƙwashe suke, kamar mutumin da zai zauna a kujera aka janye kujerar, ya tsaya a haka. A haka yake gudu.

Lā ilāha illallāh. Tun daga bakin ƙofa a haka yake. Da ya miƙe tsawonsa, da gadon ya tuntsuro gaba, nauyin duka ya sauko a wuyana, tsohon kuma ya zame. Sauƙin nan da na ji tun farko na ce sabo ne, ba sabo ba ne, shi ne ya durƙusa ya janye kayan zuwa kansa. Kuma kan nan ba gammo, gammonsa yana kaina.

Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ya san abin da cinya take yi in an tsuguna rabi na minti ɗaya. Wuta take kamawa. Mutumin nan ya yi zagaye biyar a haka da katako a ka, saura biyu, kuma numfashinsa da nake ji a ƙeyata bai canza ba, sai ɗan zikiri da yake yi ƙasa-ƙasa daidai da takunmu. Na so in yi magana, in ce a tsaya, in ce ya karɓi gammonsa. Amma ba a tsayawa. Hagu da ni ga ɗakin Allah, sama da ni ga tsoho yana kuka yana godiya, baya da ni ga mutumin da na tozarta shekaranjiya yana ɗauke da rabona na kaya. Ban taɓa jin girman wani ɗan Adam ya cika mini ƙirji kamar na wannan lokaci ba. Zagaye biyun ƙarshe da hawaye na yi su, gumi ya rufa mini asiri.

Da muka sauke a bayan Maƙamu Ibrahim, tsohon ya kama hannuwanmu ɗaya bayan ɗaya yana shafawa a fuskarsa. Ɗansa ya ce uban ya ce ko a gadonsa na gida bai kwanta daidai haka ba. Badamagaren ya yi murmushi, ya ja da baya, ya nemi gindin ginshiƙi ya zauna. A nan na ga cinyoyinsa suna kaɗawa da kansu kamar keken ɗinki, ya sa hannu biyu ya danne su ba su daina ba. Ya cire hula zai goge gumi, sai ga tsakar kansa ta sāle, jini ya manne da hular. Ya lura ina kallo, ya mayar da ita da sauri.

Na kwance gammon na miƙa masa. Haƙuri ya kamata in ba shi. Abin da ya fito shi ne, "Ga tsummanka."

Ya karɓa ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗan birni. Ranar farko ba kowa ke kai bakwai ba."

A hanyar komawa Misfala kyaftin ya rako ni har bakin shago. Ya ce, "Ƙwallayen da kake ci, ka taɓa tambayar kanka daga ina suke zuwa ƙafarka?" Bai jira amsa ba ya wuce yana ɗingishi. Na zauna a kan keken ɗinki na kasa taka shi. Na dinga dawo da wasanninmu ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace ƙwallo na bi sawunta baya sai in tarar da dogon nan a tsaye a tsakiyar fili, ya riga ya juya yana komawa wurinsa tun kafin in buga.

Ranar Alhamis na hau dutse har kusa da ɗakinsa, na hango matarsa tana shanya, na juyo. Na ce gobe a fili zan gyara. Na tsara abin tsaf: in an tsayar da mu, kafin kowa ya motsa, zan bar wurina in taka in tsaya a bayansa a gaban kowa. Ba wanda ya taɓa yin haka, amma ba wanda ya ce haramun ne. Maganar ofis kuwa, in raka shi, ko a san dabarar da za a yi. Da wannan niyya na kwana, kuma Allah ya sani da gaske nake.

Juma'a bayan la'asar muka taru. Kyaftin ya ja layi biyu da ƙafa a cikin tsakuwa, ya ce masu so su fito. Na fito. Badamagaren bai motsa ba sai da gola da wasu suka tura shi, ya zo ya tsaya dama da ni, taku goma, yana ɗan jan ƙafa. Muka fuskanci dutse.

To, ga lokacin ya zo. Na ce wa ƙafata tashi, ta ƙi. Wallahi ta ƙi. Wata murya a cikina tana cewa, bari dai ka ji mutum nawa za su zo, ka ji kawai, sannan ka tafi. Na tsaya ina saurare. Tsakuwa ba ta ɓoye taku. Na ji ɗaya ya zo bayana, na ji na biyu, har biyar. Daga nan duk takun da ya taso sai in ji ya karkata dama. Na daina ƙirgawa. Yanzu kuma in na tafi, cewa za a yi na ga faɗuwa ce na gudu. Na cije leɓe, na ce shi ke nan, na sha ƙasa, kuma daidai ne, wanda ya cancanta ya samu. Har na ɗan ji sauƙi a raina, na tsaya jiran usur.

Usur bai zo ba. Sai na ji taku ɗaya, mai nauyi, mai jan ƙafa, ya taso daga dama ya zo ya tsaya daf da ƙeyata. Wani ya ce "A'a!" ƙasa-ƙasa. Sannan tsakuwa ta ɗauki ƙara gaba ɗaya, kamar an juye buhun gero, mutane suna tahowa. Kyaftin ya busa.

Na juya. Dama da ni ba kowa, sai layin da aka ja a ƙasa. Sahu ɗaya ne a filin, dogo, kuma na farko a cikinsa, har ina ɗaga kai kafin in ga fuskarsa, shi ne. Waɗanda suka zaɓe shi sun ga imaminsu ya koma bayan wani, sun biyo shi. Ba wanda ya yi tafi. Gola ma kansa a ƙasa yake.

Zuciyar nan tawa ta taso, amma wannan karon da kuka ta zo. Na ce, "Wa ya sa ka? Wa ya ce ka yi mini haka? Naka ne! Kowa ya san naka ne!"

Ya ce, "Ofis sai mai takarda. Kai ka faɗa, kuma gaskiya ka faɗa. In na je aka riƙe ni, 'yata fa? In ba a je ba kuma, yaran nan ba su buga gasa ba."

"Ba haka nake nufi ba, wallahi ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Amma haka ne."

Na juya wurin tsohon kyaftin na ce ban karɓa ba, a sake. Ya ce, "Ka san ƙa'ida. Mai sahu ba ya ƙi." Ya kama hannuna ya danƙa mini usur, ya naɗe yatsuna a kai, ya je ya zauna a kan dutse cikin 'yan kallo.

Mutum goma sha takwas suna tsaye suna kallona, suna jiran in raba su gida biyu a fara atisaye, rana tana ta sauka. Abin da na kwana ina so shekara da shekaru yana hannuna, kuma ban san ta inda zan fara ba. Na matsa kusa da Badamagaren, na rage murya yadda ba wanda zai ji, na ce, "Yaya, don Allah, wa zan sa a hagu?" Ban taɓa ce masa yaya ba sai ranar.

Ya dube ni daga can sama, ya girgiza kai.

"Kai ne kyaftin," ya ce, ya taka a hankali ya tafi tsakiyar fili ya tsaya yana jira.